Ledar da Ta Narke a Gaban Sarkin Fawa

Ba zan taɓa mantawa da bikin ɗan Sarkin Fawa ba, kuma ko na ce zan manta, mahautan Njamena ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa layin masu nama, sai wani ya ɗago kai daga kan teburinsa ya ce, "Alhaji, an kawo sabuwar leda?" Sauran su kwashe da dariya. In ce musu, "Allah Ya shirye ku," in wuce, raina a ɓace kamar jiya aka yi abin.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne, don kada ku ɗauka wani sakarai ne yake ba ku labari. Daga Damagaram na zo garin nan, da ƙunshin allura da zare da madubin mata a kai. Ba wanda ya ba ni jari. Daga talla na koma tebur, daga tebur na kama shago a unguwar Mardjandafak, har ta kai ni ake kira a layinmu idan an kawo kayan da ba a yarda da su ba. Batir in na auna shi a tafin hannu, na san ko ya sha kwana. Atamfa in na murza bakinta, na san ko za ta zuba. Ban yi lakwal ba, wato boko, Faransancina bai wuce na gardama da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ba, amma ba a taɓa sayar mini da abin da ban sani ba. (Wannan maganar da bakina nake yin ta a majalisa kullum, har mutane suka haddace ta. Ku ma ku riƙe ta, za ta yi amfani a gaba.)

Shekaru kaɗan bayan shigowar dubu biyu, cikin bazara, wani dillali ya same ni ya ce akwai kaya a tsallaken gada, a Kusiri. Wata ƙungiyar Turawa ta tattara ta tafi, an yi gwanjon abin da ta bari, a ciki har da kwalayen leda da ba wanda ya taya. Na je na gani. Jama'a, ban taɓa ganin leda irin wannan ba. Garau kamar gilashi, ga faɗi, guda ɗaya za ta ɗauki rabin rago. Ga laushi, ba ta ƙaraf-ƙaraf ɗin nan na ledar kasuwa, ƙura kuma ba ta kama ta. Da dillalin ya faɗi farashi sai da na haɗiye murmushi, na ɓata fuska, na ce ta yi tsada.

Kuma kada wani ya ce ban gwada ba. Na gwada! Na kama baki ɗaya, dillali ya kama ɗaya, muka ja, ba ta yage ba. Na cika ta da yashi na ɗaga sama, ta ɗauka. Na zuba mata man gyaɗa, ko naso babu, ko ƙamshin man bai fito ba. Na ɗebo ruwan sanyi daga randa na zuba, na ɗaure, na rataye ta a ƙusa har na shanye shayina. Ta ɗan yi taushi, amma ko ɗigo bai zuba ba. Ku gaya mini tsakani da Allah, wane ɗan kasuwa ne zai yi fiye da haka?

To, akwai wata al'ada a kasuwarmu da ba a koya wa kowa, kowa da kansa yake gane ta. In ka samo kaya mai kyau, kafin ya shiga shago sai ka kankare duk wata takarda da ke jikin kwalin. Dalili kuwa, maƙwabcinka zai shigo gaisuwa, bakinsa yana tambayar iyali, idonsa yana kan kwali. Mako mai zuwa ka ga layin gaba ɗaya ana sayar da kayanka. Don haka ina bayan shago da reza a hannu ina kankara, sai ga Malam Isiyaka ya jingine kekensa.

Malam Isiyaka ƙanin matata ne, yana koyar da ilimin sinadarai a makarantar sakandare. Siriri ne, mai tabarau, mutumin kirki, amma irin mutanen nan ne da in ka tambaye su ƙarfe nawa, sai sun gaya maka yadda aka ƙera agogo. Ya sunkuya ya ɗauki takarda ɗaya daga ƙasa.

"Yaya, wannan kuma daga ina? Alkol poli..."

Na fizge ta. "Malam, karatun nan a bar shi a aji."

"Bari dai in ƙarasa. Akwai wani abu da aka rubuta da ja a ƙasa."

"Ko da kore aka rubuta. Bakinka ba ya riƙe magana. Gobe ka je wurin mai shayi ka yi lacca a kai, jibi duk Mardjandafak ta tafi Kusiri."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "To, Allah Ya ba da kasuwa, Yaya."

Na tattara takardun na cusa su a wutar mai shayi, ina tsaye har suka zama toka. (Kafin nan na lura da wani zane a jikinsu, kamar ɗan baho da ruwa a ciki, da lamba sittin. Na ce wato sittin ne a kowane ɗauri. Na ƙirga na samu ɗari. Ranar har tausayin dillalin na ji.)

Ga abin da nake nufi da ledar nan. Mahautan garin nan a takardar siminti suke naɗe nama, ko kuma baƙar ledar nan mai yagewa kafin ka kai bakin titi. In na samu mahauta, na samu ciniki na kowace safiya har ƙarshen rayuwata. Mahauta kuwa ba a bin su ɗaya-ɗaya. Mutum ɗaya ake samu, Sarkin Fawa. In ya ce a yi, an yi. Sai kuma Allah Ya sa a watan ne zai aurar da ɗansa a gidansa na unguwar Milezi.

A bikin mahauta, kowane dattijo da rabonsa na farfesu, a kwano mai murfi, a kai masa har gida. Bayan biki kuma mata su yi wata guda suna farautar kwanoni, wannan ta ce an musanya mata murfi, waccan ta ce nata mai fure ne. Na san akwai gidaje biyu da suka daina gaisawa saboda kwano ɗaya. Nan na ga ƙofa. Na ɗauki ɗauri biyar na tafi wurin Sarki, na zube na gaishe shi, na ce ga gudummawata.

Ya juya ledar a hannunsa, ya ɗaga ta ga rana. Dattijo ne mai nauyin baki, ba ya magana biyu inda ɗaya za ta isa.

"Mu dai kwano muka gada, Alhaji."

"Ranka ya daɗe, wannan ba a cewa a dawo da ita. Ka huta, mata su huta."

"Ka gwada ta?"

"Ni fa, ranka ya daɗe? Ai ka san ba a taɓa sayar mini da abin da ban sani ba."

Sarki ya ce, "In ta fita kunyarka a bikin nan, zan ce wa mutanena su saya a wurinka. In ba ta fita ba, kai ka kawo kanka."

Gargaɗi na biyu daga Inna Kande ya zo, yayar Sarki, wadda ita ce ke riƙe da madafa a duk bikin gidan. Hannunta da danshi ta murza ledar tsakanin yatsu, ta ce, "Ɗan nan, wannan abar taka kamar tana da yauƙi." Na ce, "Inna, laushi ne na ƙasar waje." Na uku a gidana ne. Matata, Hajiya Rabi, tana miƙo mini hula da safen biki ta ce, "Alhaji, da ka bar Isiyaka ya duba takardar nan." Na ce mata da ƙaninta ya san kasuwa, da ba keke yake hawa ba. (Na faɗi wannan. Allah Yana gani, na faɗa.)

Na isa Milezi cikin sabuwar farar shadda, an buge ta tana ɗaukar ido. Bayan azahar aka zauna ƙarƙashin rumfa: Sarki a tsakiya, manyan mahauta a dama, dangin amarya a hagu, Fulani ne dillalan shanu, da waliyyinta, wani tsoho fari sol mai rawani. Can bayan gida manyan tukwanen ƙasa na ƙauyen Gawi suna kan wuta, ƙamshin farfesu ya cika unguwa. Rabon farko na waliyyin amarya ne, kan rago guda da romonsa. Haka al'adarsu take.

Da na zauna a wurina na bar mata suka yi aikinsu, da a madafa abin zai ƙare, a ce an yi ɓarna, a share. Amma ina! Ɗan kasuwa ya ga taron masu saye a rumfa ɗaya. Na tashi na shiga madafa da kaina, na buɗe leda, na ce Inna Kande ta zuba.

"Yanzu aka sauke shi. A bari ya huce."

"Zuba, Inna. Ai amfaninta ke nan."

Ta zuba, tana kallona irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi. Na ɗaure baki, na ɗaga sama da hannu ɗaya, na fito tsakar gida ina tafiya a hankali don kowa ya gani. Kan ragon yana ciki garau kamar a shagon gilashi. Na fara jawabi da Hausa, ina haɗawa da Larabcin garin nan don surukai su ji.

"Shifu, ya jama'a! Ku duba da kyau! Daga yau an daina neman kwano. Ba ta yagewa, ba ta naso, ba ta..."

Sai na ji kamar kayan yana sauka ƙasa, alhali hannuna bai motsa ba. Na saci kallo. Wuyan ledar ya ƙara tsawo, kamar cingam. Na ƙara ɗaga hannu, na ƙara ɗaga murya. Can baya na hango Malam Isiyaka ya miƙe tsaye yana kaɗa hannu biyu, "Yaya, ajiye! Ajiye ta!" A raina na ce, ka ji hassada.

Abin da ya fi ƙona mini rai har yau shi ne, ledar nan ba ta fashe ba. Da ta fashe, da na ce ƙashi ne ya huda ta, a yi jaje, a kawo wata. Ɓacewa ta yi. Ina kallonta ta koma ruwa. Kan ragon ya faɗo tim, ya gangara a kan tabarma, bai tsaya ko'ina ba sai a gaban waliyyin amarya, haƙora a waje, yana kallonsa. Romo ya wanke mini ƙafafu, ya fantsama a rigar Sarki, ya mai da farar shaddata kamar tsumman madafa. A hannuna, can sama inda na ɗaga, ba abin da ya rage sai ƙullin, shi ma yana malalowa tsakanin yatsuna kamar yauƙin kuɓewa.

Wurin ya yi tsit. Har kukan akuya na maƙwabta ana ji.

Sarki ya dubi kan ragon, ya dubi rigarsa, ya dube ni.

"Alhaji, ina ledar?"

"Ranka ya daɗe, wato..."

"Na ga kan. Na ga romon. Ledar nake tambaya."

Wani mahauci daga dama ya ce, "Ta koma ƙasar waje."

Tsohon nan mai rawani ya janye ƙafarsa a hankali ya ce, "In wannan ne rabona, na gode. A taimake ni da kwano."

Dariyar ba ta gama tashi ba sai ihu ya ɓarke a madafa. Ashe mata sun bi sahuna, sun cika wajen guda goma. Inna Kande ta fito da ludayi a hannu, zaninta ya jiƙe sharkaf, tana faɗar maganganu a kaina da ba zan maimaita ba (wasu a cikinsu gaskiya ne). Daga nan magana ta fara juyawa zuwa inda ba dariya. Na ji wani yana cewa kada kowa ya taɓa naman, leda ba ta narkewa haka kawai, akwai abin da aka sa. Na ji kalmar guba. Na ji kalmar asiri. Dangin amarya suka fara neman takalmansu. Don tsoro, zafin ƙunar ƙafar ma na daina jinsa.

Wa ya cece ni? Mai keke.

Malam Isiyaka ya ratso taro ya durƙusa gaban Sarki, ya nemi izini. Ya sa aka kawo kofi biyu na gilashi, ɗaya da ruwan randa, ɗaya da ruwan butar shayi. Ya yanki leda ya jefa a kowanne. Ta ruwan sanyi ta yi laushi ta kwanta. Ta ruwan zafi kuwa, yana juya ta da cokali, ta tafi kamar sukari.

"Ba asiri ba ne, ranka ya daɗe, haka aka yi ta. Sunan abin alkol polibinilik. Kada sunan ya tsorata kowa, ba abin sha ba ne, ba ya sa maye. Daga dangin farin gam ɗin kafintoci ake samo shi. Ku ɗauka wata doguwar sarƙa ce, kowace gaɓa da ɗan hannunta mai son kama ruwa. Ledar da muka sani ba ta da hannuwan nan, shi ya sa take shekara a kwata ba ta ruɓe ba. Wannan kuwa, in a bushe take, hannuwan suna riƙe da junansu gam, ta yi ƙarfi. Man gyaɗa bai da abin da za su kama, sai ya zauna lafiya a cikinta. Amma ruwan zafi yana shiga tsakaninsu, kowane hannu ya saki ɗan'uwansa ya kama ruwa. Akwai ma irin da ruwan sanyi ke narkarwa. Ta Yaya mai jiran zafi ce."

Ya juyo gare ni. "Yaya, ba ka ga wata lamba a takardar ba?"

Na ce, "Sittin."

"Zafin ruwan da take narkewa ke nan."

Sarki ya ce, "Guba ce?"

"A'a. Har a maganin ɗigon ido ana sa shi, da gam ɗin ambulan, da masaƙu don zare ya yi ƙarfi. Abin da ya zube dai ya zube, amma na tukunya lafiyarsa ƙalau."

Masu neman takalma suka koma suka zauna. Da ya tsaya a nan, wallahi da na saya masa babur. Amma na gaya muku halinsa. Tsohon mai rawani ya tambaya, cikin ladabi, to me ake yi da leda mai narkewa? Ni ina yi wa Malam ido, shi yana gyara tabarau.

"A asibiti ake amfani da ita, Baba. In marar lafiya ya ɓata zanin gado, sai a cusa a ciki, a ɗaure, a jefa a injin wanki da ledar gaba ɗaya, don kada mai wanki ya taɓa ƙazanta."

Ya dube ni. "Ka yi haƙuri, Yaya. Sabuwa ce dai, ba a yi amfani da ita ba."

Wato ni, da ƙafata, da shaddata, na ɗauko kan ragon surukin Sarkin Fawa a jakar wankin majinyata, ina jawabi da harsuna biyu. Sarki bai zage ni ba. Da ma ya zage ni. Ya juya ya ce wa mutanensa a yanka wani rago, a bi maƙwabta a aro kwanoni. Sannan ya ce, "A ba Alhaji ruwa ya wanke hannu. Na sanyi."

Kwana huɗu ban fita ba, ƙafa a kumbure. Hajiya Rabi tana shafa mini magani, kullum sai ta tambaye ni ko a aika a kira Isiyaka, ya zo da kekensa. Ni kuwa ina kwance ina tafasa. Har yanzu ina tambaya: wane irin mutum ne zai zauna da hankalinsa ya ƙera leda mai narkewa, ya yi ta kamar leda, ta yi kyau fiye da leda, sannan ya rubuta gargaɗin da ƙananan haruffa a takardar da kowane ɗan kasuwa mai hankali zai kankare?

A rana ta biyar wata kalma ta dawo mini daga laccar Malam: masaƙu. Na sa aka tafasa ruwa, na narkar da leda biyu a bokiti, na tsoma wata tsohuwar riga na shanya. Da ta bushe sai ga ta ta yi tsaye ƙiƙam, kamar da mutum a ciki. Na kai wa masu wanki da bugu na bayan kasuwa, suka gwada, suka dawo neman ƙari. Sauran kwalayen wani ƙaramin asibiti ya kwashe, don aikin da aka yi su dominsa. Kafin damina kaya sun ƙare. Ban faɗi ba, ku rubuta wannan ku ajiye.

Amma mahauta sun tafi har abada. Ko igiya ce na kawo, sai sun tsoma ta a ruwan zafi kafin su taya. Maganar nan tawa ta majalisa kuwa, na daina yin ta, su suka karɓe ta, har da kwaikwayon muryata.

Ban daina kankare takarda ba, kasuwa kasuwa ce. Sai dai yanzu kafin reza ta taɓa kwali, ina aikawa a kira Malam Isiyaka. In sa a kawo masa shayi, ya zauna a kujerata, ya goge tabarau, ya karanta mini tun daga sama har ƙasa, da baƙi da ja, har da sunan titin da masana'antar take. Da gangan yake jan abin, na sani. Ina zaune ina cewa, "Na'am, Malam." Wanda bai ba da awa ɗaya ya saurari ƙanin matarsa a bayan shago ba, zai saurare shi a tsaye a gaban Sarki, da romo a ƙafa.

Sarki kuwa bai yanke zumunci ba. Duk babbar Sallah sai an aiko mini da farfesun kai daga Milezi, da zafinsa, a kwano mai murfi. Saƙon ba ya canzawa: a gaida Alhaji, a ce masa wannan ba ya narkewa, don haka a dawo da shi.

Da kaina nake mayarwa.